Ina Wayar Take?

Shekara ashirin da bakwai na yi a kan falwaya,
ɗamarar fata a ƙugu, filaya tsakanin haƙora,
daga Gombe zuwa Kumo, daga Kumo har Billiri.
In wani ya ce "halo" aka amsa masa a Kaltungo,
to wani ya sha rana kafin nan:
ko ni, ko Lamela, Allah ya kyauta makwancinsa.

Yau ga ni a Jekadafari, gwiwa ta yi sallama da tsani.
Jikoki biyu sun zo hutu, kowa da kwamfutarsa ta cinya,
Gidado a zaure, Walida a ɗakin kakarta,
tsakaninsu bango biyu, da rijiya, da igiyar shanya.

Na ji ta ɗaga murya: "Sunana ya fito a wajenka?"
"Ya fito. Lambar sirrin fa?"
"Sunan akuyar Baffa, ka ƙara bakwai sau uku."
Kyalla na gindin darbejiya tana tuƙa,
ba ta san an mai da ita mabuɗi ba.

Sai na ɗauki tocila, don sana'a ba ta ritaya.
Na leƙa bayan randa, na ɗaga tabarma,
na bi gindin bango da yatsa kamar mai neman allura.
Ko zare babu.

"Baffa, ta iska ce," in ji Gidado, idonsa na kan allo.
Iska?
Iskar da na sani tsinka waya take yi.
Ta taɓa kwantar mana da falwaya tara a dare ɗaya,
muka kwana a Tumu muna ɗauri, muna jiƙa gari da ruwan sama.
Yaushe ta tuba har aka ba ta aike?

Ƙwallo ɗaya suke bugawa a ɗaki biyu.
"Na ci!" daga zaure.
"Maguɗi ne!" daga ciki.
Can sai 'yan wasan suka sandare, ƙafa ɗaya a sama,
kamar zalɓe a bakin Dadin Kowa.
Kowa ya ɗora wa ɗan'uwansa laifi.

Na dubi ɗan akwatin mai ƙaho biyu
an jibge shi a ƙasa, bayan ƙofar ƙarfe.
Na ce, ku ba ni kujera.
Duk abin da zai kai saƙo tudu yake so,
wannan kam ban koya a wajenku ba.
Taki ɗaya na hau, gwiwa na zagina,
na ɗora shi saman taga.
Zalɓe ya sauke ƙafa, wasa ya tashi.
Ba wanda ya ce sannu. Haka aikin yake tun da.

Bayan isha'i Walida ta ce, "Baffa, zauna kusa da shi,
zan turo wani abu."
Wani koren layi ya fara rarrafe,
ya tsaya ya huta, ya ƙara jan ciki, ya cika.

Sai ga Hansatu.
Ɗaurin kallabinta na gefe, wushiryarta,
ranar da muka tare a gidan nan, ko filasta babu.
Ta ratsa tsakar gidan da ta share shekara arba'in,
ba ƙarar takalmi, ba gyaran murya,
ta shigo zauren da ba ta cika zama ba.

Nefa ta ɗauke wuta, akwatin ya rufe ido.
Na ce, shi ke nan, ta koma.
Gidado ya ce, "A'a, Baffa, ai ta riga ta iso."

Na zauna da ita har batir ya yi ja.
Da asuba, kan hanyar alwala,
na sake haska gindin bangon nan.
Ba don ban yarda da yaran ba.
Hannu ne, ya saba sai ya taɓa.